Daminar da aka kai Lawali gayya

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Talatar da ta wuce, muna zaune mu uku a rumfata ta faci a bakin tashar Ƙauran Namoda: ni, da Audu mai shayi, da wani direba ɗan Zurmi da ke jira in gama masa taya. Hadari ya taso daga gabas, iska ta kwashe ledoji, sai ga ruwa. Shi ne ruwan kirki na farko a bana. Direban ya leƙa waje ya ce, "Ruwan shuka ke nan, ga wanda aka bari shi shiga gonarshi." Kowa ya san gonakin nesa yanzu sai da yardar mutanen daji. Ni kuwa da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo rumfar, sai na koma daminar farko bayan an kafa shari'a a jihar nan. A cikinta na rasa abokina Lawali. Zan faɗe ta bi da bi, yadda ta faru.

Sunana Isah. A aji shida na tsaya da boko, na kama faci, kuma har yau shi nake yi. Lawali direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi da albasa daga Shinkafi, ya bi ta Zurmi da Jibiya har Maraɗi. Mun san juna tun yana yaron mota ni ina koyon sana'a. Ƙauyensu yana kusa da Badarawa, can mahaifiyarsa take, da matarsa, da yayansa Malam Ɗahiru wanda ke riƙe da gidan. Alƙali yake ce mini, saboda ina jera ƙarafunan aikina daga ƙarami zuwa babba kuma ba na son a taɓa mini.

Lawali yana shan giya. Ba kullum ba. Sai ya yi wata guda bai kusance ta ba, yana salla a sahun gaba, sannan wata rana a neme shi a rasa. In ya fara ba ya tsayawa sai jikinsa ya ƙi karɓa. Da shekaru suka tura, hutun ya riƙa gajarta, shan ya riƙa tsawo. Kafin shari'a akwai gidajen da ake sayarwa a bayan tashar jirgi, kuma na lura da yadda yake fita daga ciki: ba ya yankewa lokaci ɗaya. Yakan rage kaɗan-kaɗan, ya ɗan kurɓa da safe don hannunsa ya tsaya, har ya dawo mutum. Ban san wannan yana da wata ma'ana ba. Na ɗauka raunin zuciya ne kawai, kuma na sha faɗa masa haka a fuskarsa.

Da aka kafa shari'a aka rufe gidajen nan. Ina cikin waɗanda suka yi murna, har yau ban canza ba. Sai dai babu wanda ya zauna ya tambayi me zai faru da jikin mutum irin Lawali. Ya koma sha a tsallaken iyaka. In ya tsallako gida kuwa babu ko ɗigo, ga bulala tamanin tana jiran duk wanda aka kama.

Bazarar shekarar ta yi zafi fiye da kima. Da azahar kwalta takan yi laushi, ƙarfen da na bari a rana ba ya taɓuwa. Rijiyar unguwarmu ta koma laka, mata na kwana a layi. Mai ya yi wuya, motoci na jere a tasha ba fasinja ba tafiya. Ruwan farko ya yaudare mu: aka fita da sungumi aka shuka gero, ya tsiro, sai sama ta ɗauke. Tsiron ya naɗe ya ƙone muna kallo. Aka sake shuka da hatsin da aka tsame daga na ci. A gidana matata Hassi ta mayar da tuwo sau ɗaya a rana. Da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon rama ko tafasa in yara sun samo, da almuru tuwon dawa da miyar kuka wadda ba ta ga nama ba. Da ruwa ya zauna sosai sai ciyawa ta taso gaba ɗaya, ta riga geron tsawo. Kowa ya shiga neman hannu don noman farko.

A wannan tsakanin, wata rana da hantsi, wani direba ya sauke mini Lawali a bakin rumfa ya juya. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Na miƙa masa kofin ruwa, rabi ya zube a ƙirjinsa kafin ya kai baki.

"Alƙali," in ji shi, "ga mai laihi an kawo maka."

"Tun yaushe kake sha wannan karon?"

"Ban ƙirga ba. Kai ad da lissahi."

"Na ƙarshe fa?"

"Jiya da la'asar, kahin mu tsallako." Ya dubi hannuwansa suna rawa kamar ba nasa ba. "Isah, wanga karon daban ne. Na gaji. So nike in bari, wallahi. Amma ji nike kamar ana kiɗa cikin ƙashina."

Na yi masa faɗa, ban rage komai ba. Na ce da shi mutum mai iyali, mai furfura a gemu, ya zama abin da ake saukewa a bakin titi kamar buhu. Ya saurara har na gama. Sannan na rufe rumfa na ɗora shi a bayan keke, muka nufi wurin wani likita da ke duba marasa lafiya a bayan kasuwa. A hanya yana riƙe da rigata yana cewa, "Ka ce zazzaɓi ne. Ka ji? Zazzaɓi. In ka hwaɗi gaskiya ka kai ni ga bulala da hannunka."

Ni ma tsoron yana raina. A lokacin ba mu san iyakar abin ba, ba mu san wa ke kai rahoto wa ba ya kaiwa ba. Da muka shiga na ce zazzaɓi ne. Likitan ya kama hannun Lawali, ya duba idonsa, ya sa shi ya miƙe yatsu. Ya dube ni.

"Malam, ni ba alƙali ba ne. In ka ce mini zazzaɓi zan yi masa allurar zazzaɓi, ya je ya mutu. Yaushe ya sha na ƙarshe?"

Lawali ya yi dariya mai rauni ya ce, "Shi ne Alƙalin, likita." Sai na faɗi gaskiya.

Abin da likitan ya gaya mana ban manta ba. Ya ce jikin da ya saba da giya haka, in aka yanke masa lokaci ɗaya, zai iya yin bore har ya kashe mai shi: rawar jiki, sai gane-gane, sai farfaɗiya. Ya so ya kwantar da shi, Lawali ya ƙi, ya ce ɗakin kwanciyar cike yake da mutanen da suka san shi. Likitan bai ji daɗi ba. Ya yi masa allura, ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ya nuna mini yadda za a ba shi: da yawa a farko, ana ragewa kullum har su ƙare. Ya ce kada a tsallake, kada a ƙara, kada a yanke. Ya ce inuwa, ruwa, abinci, ba tuƙi, ba aikin rana. Ya ce in ya fara ganin abin da babu, ko ya faɗi yana shure-shure, a kawo shi a take.

Na kai shi gidana na shimfiɗa masa a zaure. Na nemo kwalayen ashana marasa komai, na raba ƙwayoyin, kowace rana da kwalinta, na jera su a kan katanga daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Lawali yana kwance yana kallona.

"Ko mutuwa za ni yi, sai ka jera ta."

"Rufe baki ka sha."

Hassi ta rage kunun yara don ya samu mai kauri. Ranar farko amai ya yi ta yi. Rana ta biyu ya riƙe kofi da hannu ɗaya, ya ci tuwo loma kaɗan, ya yi barci mai nauyi, ruwa na zuba ta tsagar rufin zauren ina matsar da tabarmarsa. Da ya farka ya ce in ya warke zai bar hanyar Maraɗi, ya koma ɗaukar kaya zuwa Gusau. Na ce sai na gani.

Rana ta uku, bayan azahar, Malam Ɗahiru ya yi sallama. Labari ya kai ƙauye cewa an ga Lawali a Ƙaura ba lafiya. Malam Ɗahiru mutum ne mai tsare addini, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma a shekarar an sa shi cikin dattawan da ke lura da tarbiyya a ƙauyensu. Wannan ya sa maganar ƙanensa ta zame masa ƙaya. Muka gaisa. Ya ce ya zo ne ya tafi da Lawali, gobe akwai gayya a babbar gonar gidansu, an gayyaci samarin ƙauyuka uku, kuma mutane sun fara tambaya ina ɗan gida. Yana cikin magana idonsa ya kai kan katanga. Ya ɗauki kwali ɗaya ya buɗe.

"Isah, mi ne ne wanga?"

"Magani ne, Malam. Likita ya ba shi."

"Magani." Ya zuba su a tafin hannu. "Ni za ka gaya wa? Waɗanga ba su ne 'yan tasha ka haɗiya su kwanta ƙarƙashin mota kamar gawa ba? Mun kama yara da su ƙauyenmu."

Gaskiyarsa ta nan: su ne. Irin ƙwayar ce 'yan dako da yaran mota ke saya a ɓoye. Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa wannan da awo ake ba shi, ana ragewa, kuma in an yanke akwai haɗari. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Wato an hidda shi daga kwalba an sa shi ga ƙwaya. Maye dai maye ne. Wanda yat tuba yankewa shika yi, ba shi ciniki da Shaiɗan kaɗan-kaɗan."

"Malam, mu tai wurin likitan ka ji da kunnenka."

"In tai in tsaya gaban wani in ce ƙanena mashayi ne? Kai ka riga ka kai sunan gidanmu can, ya isa."

Ya tattara kwalayen duka, ya leƙa tsakar gida inda Hassi ta hura wuta, ya yi sallama ya zuba su cikin murhu. Na tashi, amma a gidana ne, kuma ya girme ni, kuma yayansa ne. Na juya wurin Lawali na ce ya yi magana. Yana zaune kansa a ƙasa.

"Yaya," in ji shi a hankali, "ina jin daɗinsu hwa."

"Na sani kana jin daɗinsu. Abin da ya sa na ƙone su ke nan. Tashi. Gumi za ka yi gobe, dut ƙazantar ta hita. Mutane su gan ka da hauya, bakin kowa shi mutu."

Lawali ya tashi. Ban taɓa ganin ya musa wa yayansa ba, ko a wannan ranar bai yi ba.

Na koma wurin likitan a yammacin, aka ce ya fita sai da safe. Da safe na same shi, ya yi faɗa, ya sake ba ni wasu, ya ce in je in dawo da shi ko ta halin ƙaƙa. Ranar kasuwar Shinkafi ce, amma saboda wahalar mai sai da rana ta ɗaga kafin motarmu ta cika. Na sauka a bakin hanya na ƙarasa da ƙafa, na tsallake wani rafi da ruwansa bai kai gwiwa ba.

Da can gayya daga nesa ake jin ta, da ganga da kirari. A shekarar an ce a bar kiɗa, saboda haka babu abin da na ji sai ƙarar hauya da numfashin mutane. Samari sun jeru kunya-kunya, sun duƙa, suna tafiya tare. An yi ruwa kwana biyu baya, rana ta buɗe a kansa, ƙasa na fitar da tururi. Zafin irin mai danshi ne wanda ke manne wa mutum riga. Ƙa'idar gayya ita ce ɗan gida ba ya zama a baya, shi ke ja. Malam Ɗahiru ya sa Lawali a kunyar tsakiya, inda kowa zai gan shi. An bar shi a baya da nisa. Yana sara yana kuskure, yana sare geron yana barin ciyawar.

Na jira har aka kawo fura aka tashi hutu. Aka zauna ƙarƙashin wata ƙirya, ƙwarya a tsakiya, ludayi na zagayawa. A gayya babu mai cin nasa a gefe, komai a idon jama'a ake yi. Na matsa kusa da Lawali. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe, yana kaɗe hannun rigarsa.

"Tururuwa," in ji shi. "Isah, ba ka gani? Sun cika mini jiki."

Babu tururuwa ko ɗaya. Na ciro ƙwayar a cikin hannu na ce, "Karɓi. Haɗiye da furar nan, mu tafi."

Wani saurayi ya ce, "A'a, direba, mi aka ba ka mu ba a ba mu ba?" Aka yi dariya. Malam Ɗahiru yana tsaye bayanmu yana kallo. Lawali ya dubi hannuna, ya dubi mutanen, ya dubi yayansa. Sai ya tura hannuna da nasa mai rawa.

"Bari, Alƙali. Ana kallo."

"A yi ta kallo. Karɓi."

"In an tashi. Don Allah. Kar ka kunyata Yaya gaban mutane."

Na miƙe na ce da Malam Ɗahiru a gaban kowa, mutumin nan ba shi da lafiya, likita ya ce a dawo da shi yanzu. Ya ce, "Zazzaɓin damina ne, kowa na yi. Isah, in ka zo gayya ga hauya. In ba ka zo ba, hanya na nan." Aka koma aiki. Na ɗauki hauya na shiga kunyar da ke kusa da ta Lawali, ina nome tawa ina nome rabin tasa.

Ba a kai ƙarshen gonar ba ya faɗi. Ya sandare, sannan ya shiga shure-shure, kumfa na fita, ya ciji harshensa. Samari suka watse suna salati. Wani ya ce iska ce, gonar dama tana da tsamiya a gefe. Wani ya kama kunnensa yana kiran salla a ciki. Aka kwara masa ruwa. Ina ihu a nemo mota, Malam Ɗahiru yana cewa a kai shi gida tukuna a kira malam ya yi masa tofi. Aka kai shi gida. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi. Ya farfaɗo bai san kowa ba, jikinsa kamar garwashi, yana ƙoƙarin tashi wai motarsa na gangarawa ba birki. Haƙoransa a datse, babu halin ba shi komai ta baki. Ya sake faɗuwa. Sai a karo na uku mahaifiyarsu ta fito daga ɗaki ta nuna ni ta ce, "Ɗahiru, ka ba yaron nan ɗana shi kai shi ga likita." Sannan ya yarda.

Babu mota a ƙauyen. Aka ɗaura shanu a amalanke, muka shimfiɗa shi, muka kama hanya. Hadarin da ya wuni yana haɗuwa ya sauko mana a tsakiyar daji, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tuɓe rigata na rufa masa. Da muka iso rafin da na tsallake da safe, ya cika ya batse, jan ruwa na tafe da itatuwa. Shanun suka ƙi shiga, kuma da sun shiga da mun tafi duka. Muna hango titi a tsallake, motocin kasuwa na wucewa. Muka tsaya jiran ruwa ya faɗa. Kansa na kan cinyata. A nan ya cika, bayan la'asar, kafin ruwan ya ɗauke.

Washegari aka yi jana'iza. A wurin zaman makoki ina jin Malam Ɗahiru yana amsa wa masu ta'aziyya. Zazzaɓi ne, in ji shi, na kwana biyu. Wani dattijo ya ce Allah ya yi masa kyakkyawan ƙarshe, ya bar duniya da hauya a hannu yana taimakon gidansu. Da mutane suka ragu Malam Ɗahiru ya kira ni gefe. Idonsa ya kumbura, ya yi kuka na gaske, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya kama hannuna ya ce, "Isah, abu guda ya sanyaya mini rai. Ya tai ga Ubangijinshi ba komi cikin cikinshi. Ba giya, ba ƙwaya."

Ƙwayoyin suna cikin aljihuna, ruwan jiya ya narkar da su sun zama gari.

Gonar ta yi kyau a shekarar, geron ya yi tsawo har ya rufe mutum. Malam Ɗahiru ya rayu ya tsufa cikin mutunci, ya rasu ana yabonsa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tunanin ya yi kuskure ba. Matar Lawali ta koma gidansu da yara. A ƙauyen har yau zazzaɓi ne ya kashe shi. Yanzu ma ba a gayya a can, rabin mutanen sun watse zuwa Shinkafi da Ƙaura.

Kai mai karatu, abu biyu nake roƙonka. In akwai irin Lawali a gidanku, ya ce ya gaji yana so ya bari, ka kai shi wurin likita ka faɗi abin da yake sha da bakinka, kuma abin da likita ya ba shi kada ka bari kowa ya taɓa, ko yayansa ne, ko ubansa. Na biyu, in ka idar da salla yau, ka sa Lawali direba a addu'a. Ya so ya bari.